Kabad ɗin da ke Buɗe Kansa a Tishigu

Ni na samo wa ƙanena Basit aikinsa na farko na kafinta, da wannan bakin nawa da ba ya iya zama shiru, saboda haka ni ya kamata in ba da labarin kafin matan Tishigu su gama ƙara masa gishiri. Na riga na ji wata a kasuwa tana rantsuwa wai kabad ɗin har magana ya yi. Bai yi ba. Ina wurin daga farko har ƙarshe.

Sunana Humu, atamfa da leshi nake sayarwa a babbar kasuwar Tamale. Basit shi ke bi na, shekara huɗu tsakaninmu. Shi ne mai karatun gidanmu, shi ya samu aikin gwamnati, da teburinsa da kujerarsa da fanka a bisa kansa. Babanmu Tahidu kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana masinja, yana ɗaukar fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ranar da Basit ya fara aiki sai da Baba ya bi shi a kan tsohon kekensa har bakin ƙofar ofis, kamar mai raka yaro makaranta. Basit na da shekara ashirin da biyar a lokacin, da gemunsa.

Bayan wani lokaci sai muka lura in an tashi aiki ba ya dawowa gida sai magariba, ranar Asabar kuma ba a ganinsa sam. Ni na ɗauka budurwa ya yi, har na fara tsokanarsa ina tambayar 'yar gidan wa ce. Ashe katako ne. Wurin Masta Kwesi yake zuwa, wani dattijo mutumin kudu da ke ƙera wa otal-otal da sababbin gidajen manya kayan ɗaki. Shekara huɗu yana koyo a ɓoye. Ranar da asirin ya fito, shi da kansa ya fasa: ya durƙusa gaban Baba ya ce ya ɗauki hutun shekara guda ba albashi, ya kama rumfa a nan Gurugu kusa da gida, kafinta yake so ya zama.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi.

"Shekara talatin ina tsaye gaban tebur don kai ka zauna bayan shi," ya ce. "Yanzu ka ce kai za ka riƙa yi ma wasu tebur?"

Basit ya sunkuyar da kai.

"To, na ji. Shekara ɗaya. Aikin kirki na farko da ka kai gidan mutane, in sun karɓa, na yi shiru. In sun mayar maka, ka goge takalmi ka koma ofis. Gyaran benci ba shi cikin lissafi."

Wata goma suka wuce, gyaran bencin ne kawai ke zuwa. Mutane su shigo rumfar, su shafa 'yan akwatunan da ya ƙera don a gani, su ce kai, hannun nan akwai albarka, sannan su hau babur su je su sayo kabad ɗin kanti mai kumbura in ya ga ruwa. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa, yana ta goge katako da samfefa yana fito, sai da daddare in ga ya rage cin tuwo.

Shagon da ke kallon nawa a kasuwa na Hajia Basiratu ne. Kwanoni da tukwane da kuloli take sayarwa, kuma babu uwar amarya a garin nan da ba ta taɓa zama a kan bencinta ba. In Hajia ta ce tela kaza ya iya, ya samu aikin shekara. In ta taɓe baki kawai, to ya fara tunanin komawa gona. Wata rana na ji tana mita cewa gara ta cinye mata kabad, ga 'yarta Zuleiha ta kusa haihuwar fari, a ɗakinta kuma za ta yi zaman jego, duk matan gari za su shigo su ga inda take ajiye kwanoninta. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Hajia, ƙanena yana yin kabad ba ƙusa ko ɗaya. Jikoki ma sai sun gaje shi."

Ta dube ni ta saman gilashin idonta. Hajia Badagomba ce, Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta.

"Humu, kai ka cika surutu. Wanda ya bar ofis nan? To ce ma shi ya zo ya auna."

Ya je kuwa ya auna. Wallahi ban taɓa ganin mai awo irin Basit ba. Gidan Hajia tsohon gida ne a Tishigu, ɗakuna zagaye da tsakar gida, tun na kakan mijinta. Ya auna bangon da kabad zai jingina. Ya auna tsayin rufi. Ya auna ƙofar ɗaki sau biyu, ya auna ta zaure, har kwanar da za a juya da kaya sai da ya sa mata tef. Ya sa aka sauko masa da babbar kwallar Hajia ya auna bakinta don kada ta ƙi shiga. Ya cika shafi uku da lambobi, ya dawo gida baki har kunne.

Mako shida ya yi a kan aikin. Odum ya saya, katakon kudu mai nauyi da gara ba ta iya masa. Kusurwoyin ya yanka su haƙori-haƙori suna shiga juna kamar an sarƙe yatsu. Ƙofa biyu na gilashi a sama, durowa uku a ƙasa. Abin da ya fi alfahari da shi, ƙofofin ba su da sakata: ka tura da yatsa ɗaya, su tafi a hankali su rufe kansu, su zauna. Durowar kuma ya shafe ta da kakin zuma, in ka ja sai ka ce a ruwa take tafiya. Sai ƙafafu huɗu, waɗanda ya sassaƙa da hannu siffar kalangu, masu siririn ƙugu da faɗin kai da gindi. Mako guda cur ya ɓata a kan ƙafafun nan kaɗai, ina yi masa tsiya cewa ko matarsa ba zai lallaɓa haka ba.

Masta Kwesi ya zo ya duba. Ya zagaya kabad ɗin sau uku, ya buɗe, ya rufe, ya sa farce yana neman inda haɗi ya bar rata, bai samu ba.

"Ya yi kyau paa," ya ce. "Ni koraa ba ni da abin gyara."

Zuleiha ta haihu ranar Lahadi, namiji. Suna ya kama Lahadi mai zuwa, hutun Basit kuma ranar Litinin ɗin da ke biye yake ƙarewa. Aka tsayar da Asabar bayan azahar za a kai kaya. Muka naɗe kabad ɗin da tsofaffin barguna aka ɗora a motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, Basit ya hau baya ya rungume shi, duk ramin da aka faɗa sai ya runtse ido. Ina shirin tare yelo-yelo, keken fasinja mai ƙafa uku, sai ga Baba ya fito cikin batakarinsa, rigar saƙinsa ta zuwa biki.

"Zan je in yi ma Alhaji mijin Hajia barka," ya ce, bai kalle ni ba.

Na san ba barka ce ta fito da shi ba, tun Talata ya je ya yi ta. Na matsa masa ya zauna.

Tsakar gidan Hajia cike da mata. Masu ferar doya, masu tsintar shinkafa, masu soya nama a manyan tukwane, hayaƙi da surutu ko'ina. Muka durƙusa muka yi antire, gaisuwar Dagomba ta rana, aka amsa mana da naa, naa, har ta ishe mu. Mai motokin da wasu maza uku suka kama kabad ɗin, ya wuce zaure lafiya, ya juya kwana lafiya, ya shige ƙofar ɗaki da ratar yatsa biyu, daidai yadda Basit ya auna. Aka jingina shi a bangon ƙurya yana kallon ƙofa. Mazan suka sha ruwa suka tafi ɗauko rumfunan biki. Baba ya samu benci a bakin ƙofar ɗakin daga waje ya zauna, tunda ɗakin mata ne.

Da Basit ya yaye bargunan, ɗakin ya yi tsit, sannan aka ɗauka gaba ɗaya. Wata ta ce madubi ne, wata ta ce daga Dubai aka kawo, ƙarya muke. Ni kuwa kaina ya yi girma har ina jin ɗankwalina ya matse ni. Hajia ta shafa gefen, ta buɗe ƙofofin, ta leƙa, ta tura su da yatsa suka rufe. Ta juyo za ta yi magana.

Sai ƙofar hagu ta buɗe a bayanta. A hankali, ba ƙara, kamar wani na ciki yana leƙowa. Ta dama ta bi ta.

"Hajia, bai rufu ba," wata ta ce.

Hajia ta sake rufewa, wannan karon da tafin hannu. Muka zuba ido. Numfashi uku, ƙofofin suka sake tahowa, kuma don abin ya cika, durowar tsakiya ta zamo waje da kanta ta tsaya. Na dubi Basit, na ga zufa ta keto masa a goshi.

A kan tabarma gefen gadon mai jego akwai Mma Fatimata, gwaggon mijin Hajia, tsohuwa mai carbi da ta yi shekaru tana fataucin goro a kudu, don haka babu abin kudu da za ka gaya mata.

"Wane itace ne wannan?" ta tambaya.

"Odum ne, Mma," in ji Basit.

"Odum!" Ta ɗaga hannu biyu. "La'ilaha illallahu. Mutanen can ba su sare odum haka nan, sai sun roƙi mai shi. Wannan ba a roƙa ba. Mai shi yana ciki, zafi ya dame shi, iska yake nema."

Ban taɓa ganin mata masu jiki sun fita ƙofa ɗaya da sauri irin na ranar ba. Zuleiha, wadda nas ce fa, da karatunta, tana dariya amma sai da ta ɗauki jaririnta ta koma ɗakin kusa. Aka bar ni da Basit da Hajia, sai Mma Fatimata da ƙafa ba ta ba ta damar gudu ba, tana ta tofa addu'a wajen kabad ɗin. Sauran suka cunkushe a bakin ƙofa da taga.

Hajia ta dubi ƙofofin nan a buɗe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, aiki ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Ni ban san aljani ne ko ba aljani ba. Amma jariri zai kwana ɗakin nan, kuma gobe duk Tamale zai zo. Ba ni iya ajiye kabad da mutane ke gudu. In maza sun dawo, ɗauki abin ka."

Kunya ta rufe ni, tausayi kuma ya fi kunyar. Na saci kallon Baba ta ƙofa. Yana zaune hannu a gwiwa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na yi zaton zan ga ya ji daɗi tunda maganarsa ta fito, ban ga hakan ba.

"Mma Hajia, ba ni minti goma," in ji Basit.

Ya duba hinji, lafiya. Ya ɗora tef kusurwa zuwa kusurwa, daidai. Yana ta maimaita cewa mako biyu kabad ɗin na tsaye a rumfarsa a rufe, ko motsi bai yi ba. Ya durƙusa zai leƙa ƙarƙashi, sai fensirin da ke maƙale a kunnensa ya faɗo. Fensirin bai tsaya inda ya faɗi ba. Ya gangara, ya wuce ƙafar Hajia, ya bi simintin nan tiryan-tiryan har bakin ƙofa, ya shige wani ɗan rami a gindin dokin ƙofar. Basit ya bi shi da ido. Ya je ya zaro shi, ya dawo ya ajiye a gindin kabad, ya sake shi. Ya sake gangarawa hanya ɗaya.

"Ƙasan ɗakin ne," ya ce, kamar mai magana da kansa. Sannan ya ɗaga murya. "Mma Hajia, ƙasan ɗakin nan a karkace yake! Ya gangara wajen ƙofa. Kabad ɗin ya sunkuyo gaba, shi ya sa ƙofa ke buɗewa."

Hajia ta dube shi kamar ya ce mata wuta na da zafi.

"To da fa? In na wanke ɗaki, ruwa ta ina zai fita?"

Dariyar da ta tashi a bakin ƙofar nan, na tabbata an ji ta a titi. Wata har da zama a ƙasa. Duk tsohon ɗaki a Tishigu haka aka daɓe shi, da gangara, da ɗan rami a bakin ƙofa, ki watsa ruwa ki bi da tsintsiya ya fice da kansa. Babu macen da ba ta san wannan ba. Ni kaina na wanke irin ɗakin nan a gidan kakarmu sau ba adadi. Amma ɗan boko da ya koyi aiki a gidajen tayil masu santsi kamar faranti, wanda bai taɓa riƙe tsintsiyar wanke ɗaki ba, ya auna bango da rufi da ƙofa da bakin kwalla, ya manta abin da yake tsaye a kai.

"Shi ke nan? Ai abu mai sauƙi," in ji wata mai soya nama. Ta tuɓe calewote ɗinta, silifas ɗin roba, ta wurgo. "Sa ma shi a ƙafa. Haka muke yi duka."

Basit ya ɗaga gaban kabad ɗin da ƙyar, na cusa silifas ɗin ƙarƙashin ƙafar gaba, aka ƙaro wani na ɗaya ƙafar. Ya rufe ƙofofin. Suka zauna. Matan suka fara dawowa ciki ɗaya-ɗaya, ni kuma na fara numfashi. Amma Hajia ta tsaya tana kallon robar nan mai ruwan shuɗi da ta leƙo daga ƙarƙashin kalangun Basit, ta taɓe baki, kuma na gaya muku abin da taɓe bakin Hajia ke nufi.

"Shekara talatin tsohon kabad na yana tsaye kan calewote," ta ce. "Humu ya ce wannan jikoki za su gada. Da calewote za su gada? Gobe mutane ƙasa za su zauna, ido su nan zai fara zuwa. A'a. Ko ya tsaya da ƙafa shi, ko ya koma."

Ba ta yi ƙarya ba, abin ya yi muni. Hanya ɗaya ta rage, Basit ya gan ta kafin ni: a yanke ƙafafun, kowace daidai da ƙasan da take takawa. Na ja shi gefe na yi ƙasa da murya.

"Kai, yi tunani. In ka yanka kuma ta ce ba ta so fa? Yanzu ko an mayar, wani zai iya saya. In ka yanka, ba ɗakin da zai sake tsayawa daidai a duniya sai wannan."

Ya dubi ƙafafun nan da ya yi mako yana sassaƙa.

"Sista, da ma don ɗakin nan na yi shi," ya ce. "Ɗauko mini zarto a jaka."

Bai zo da abin da magina ke gwada daidaito ba, sai ya roƙi kwano ya cika shi da ruwa har baki ya ɗora a kan katakon tsakiya. Ruwan ya karkata gefe guda. Ashe gangarar ba gaba kawai ta yi ba, har da ɗan hagu. Aka shiga tara silifas, mata suna tuɓewa suna miƙowa suna dariya, ana sa wannan ana cire wancan, har ruwan kwanon ya kwanta daidai da baki ta ko'ina. Sannan ya samu guntun katako mai kaurin ratar da ta fi girma, ya kwantar da fensiri a kansa, ya zagaye kowace ƙafa da layi. Ƙafa ɗaya ta gaba ta tsira. Uku za su sha zarto, na baya biyu kusan yatsa biyu-biyu.

Ya kwance ƙofofin gilashin ya jingina a gado, ya zare durowoyin. Matsalar ita ce ɗakin ba shi da faɗin da za a kwantar da kabad, sai dai a karkata shi a riƙe a haka har a gama yanka, ga mazan ba su dawo ba. Ni da mata biyu muka kama. Odum ba wasa ba ne. Mun ɗaga shi ke nan ta kusa da ni ta ce wayyo bayanta, kabad ɗin ya fara zamewa yana neman bango.

"Gafara dai, masu ɗaki."

Baba ne. Ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, ya naɗe batakarinsa ya aza bisa kafaɗu, ya shigo ɗakin matan nan kansa a ƙasa. Bai kalli kowa ba. Ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin gefen kabad ɗin, ya kafa ƙafa, nauyin ya bar hannuna gaba ɗaya. Shekararsa sittin da takwas.

"Yanka," ya ce.

"Baba, yana da nauyi, bari maza su..."

"Na ce maka na gaji? Yanka."

Basit ya kwanta rub da ciki a kan simintin Hajia ya ɗora zarto. Ba ka jin komai sai ƙarar zarton da mai na tafasa a waje. Da gindin kalangu na farko ya faɗi ya gangara, Basit ya runtse ido kamar yatsansa ne ya fita. Hannunsa ya ɗan kauce a ta biyu, yana ɗago kai yana duba Baba.

"Bar kallo na," in ji Baba, muryarsa a matse. "Kalli layin ka."

Aka sauke, aka juya ɗaya gefen, Baba ya canja kafaɗa, aka yanke ta uku. Basit ya bi bakin yankan da samfefa, ya shafa ɗan mai don kada farin ya nuna. Aka kwashe silifas kowa ta nemi nata, har aka yi 'yar rigima a kan wani ja. Kabad ɗin ya sauka a kan ƙafafunsa huɗu, Basit ya girgiza shi, ko gezau. Ya mayar da ƙofofi da durowa, ya ɗora kwanon ruwa. Ruwa ya kwanta daidai.

Hajia ta matso ta tura ƙofofin da yatsa ɗaya.

"Kowa ya yi shiru," in ji Mma Fatimata. "Sai na gama carbi ɗaya."

Haka muka tsaya, mata wajen ashirin da dattijo ɗaya mai haki, muna kallon kabad, tsohuwa na jan carbinta ba ta ko sauri. Ban taɓa sanin ƙwayar carbi na da yawa haka ba. Ta kai ƙarshe ta shafa. Ƙofofin na nan a rufe.

"Ya fita," ta ce. "A ƙafa yake zaune. Ku kwashe guntayen nan ku kai nesa, kada yara su taɓa."

Ba wanda ya yi mata musu, har Zuleiha da ta dawo da jaririnta a kafaɗa tana danne dariya. Hajia ta ɗauko babbar kwallarta ta buɗe kabad ta zura, ta shige daidai. Ta ɗauko ta biyu. Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka kama.

"Humu," in ji Hajia, tana jera kwanoni ba ta juyo ba, "kai ka cika surutu, amma yau ba ka yi ƙarya ba."

Kafin Basit ya kakkaɓe rigarsa, mai calewote ɗin farko ta kama hannunsa ta ce ya zo ya ga nata kabad, shekara tara yana kan silifas ɗin mijinta. Wata ta ce nata kan kwali yake, wata kan murfin kwalba uku. A gidan nan kaɗai ɗaki huɗu ya shiga da fensirinsa yana gangarawa, mata na binsa a baya kamar ango. Ni dai na zauna aka zubo mini shinkafa da nama, na ci har na ƙoshi, don tun safe ban iya sa komai a baki ba.

Rana ta yi sanyi muka tari yelo-yelo mu uku. Baba a tsakiya, garin katako a wuyansa da gashin girarsa. Muka wuce kasuwa. Can Basit ya yi gyaran murya.

"Baba, maganar Litinin..."

"An karɓa ko ba a karɓa ba?"

"An karɓa."

"To me kake tambaya ta?"

Basit ya juya kansa waje yana kallon babura, kafaɗarsa na motsi. Kuka yake, ƙaton mutum da gemunsa, ni kuma daɗi ya cika ni har na kasa tsokanarsa, wanda bai taɓa faruwa ba.

Da muka isa Gurugu ya sauka a rumfarsa zai ajiye kayan aiki, ni da Baba muka wuce gida. Muna shiga ɗaki Baba ya zauna a bakin gado da ƙyar, ya yi ƙoƙarin cire batakarin, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Na taimaka masa na zare. Kafaɗar ta kumbura, gefen katakon ya bar masa layi baƙi.

"Ɗauko man kaɗanya ki shafa mini," ya ce. "Yi sauri kafin ya shigo. Kuma kada ki gaya ma shi."